Likita a Daura tana son binciken sankarar jini: yadda ake karanta tarihin aikin Janet Rowley, da inda za a fara

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni likita ce, ina aiki a wani asibiti a Daura, na gama hidimar ƙasa, ina da aure da yara biyu. Tun muna makaranta fannin jini yake ba ni sha'awa, musamman sankarar jini. Kwanaki na buɗe jerin rubuce-rubucen Farfesa Janet Rowley a intanet, na ga maƙaloli ɗaruruwa, sai gwiwata ta yi sanyi. Don Allah ku yi mini bayani, yaya ake karanta irin wannan jerin har a gane abin da mutum ya yi a zahiri? Kuma wadda take zaune inda ko na'urar ƙirga ƙwayoyin jini ba kullum take aiki ba, akwai hanyar da za ta bi ta zama mai bincike a wannan fanni, ko lokaci ya riga ya ƙure mini?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata Dakta. Allah ya raya yara, ya yi musu albarka. Abu biyu kika tambaya: yadda ake auna aikin mai bincike daga rubuce-rubucensa, da kuma ko mace mai iyali a Daura tana da rabo a wannan fage. Kin yi dace da wadda kika zaɓa, domin rayuwar Janet Rowley ta amsa duka biyun. Jerin nan da ya sanyaya miki gwiwa ba ƙirga shi ake yi ba. Tambaya guda ce matar nan ta riƙe sama da shekara 40, maƙalolin duk amsoshinta ne, kuma waɗanda suka juya fannin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

Tunda ba likitoci kaɗai ke karanta wannan ba, bari in shimfiɗa tabarma a gurguje. Jini a cikin ɓargo ake yin sa. Sankarar jini tana farawa ne idan ƙwaya ɗaya daga cikin masu haifar da fararen ƙwayoyin jini ta lalace, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har zuriyarta ta cika ɓargon ta hana lafiyayyun fitowa. Shi ya sa majinyaci yake ɗashewa, zazzaɓi ya ƙi jin magani, dasashi ya riƙa zubar da jini ko haɓo ya ƙi tsayawa. Akwai mai saurin kisa cikin makonni, akwai mai tafiyar hawainiya ta shekaru. Wadda za mu fi ambata ita ce ta biyun, wadda likitoci ke kira CML. Rudolf Virchow ne ya raɗa wa sankarar jini suna a Jamus a 1847, amma an fi shekara 100 bayan haka ba a san abin da ke lalacewa a cikin ƙwayar ba.

Wace ce Janet Rowley

An haife ta a New York a 1925, ta gama karatun likita a Jami'ar Chicago a 1948, ta yi aure washegarin kammalawa. Mijinta Donald Rowley likitan binciken cututtuka ne. Ta haifi 'ya'ya maza huɗu, kuma shekaru da dama aikin 'yan kwanaki a mako take yi, a asibitin yara masu tawayar ƙwaƙwalwa. A can ne sha'awar kuromosom, wato zaruruwan da ke cikin ƙwayar jiki masu ɗauke da gado, ta kama ta, bayan da aka gano a 1959 cewa yara masu larurar Down suna da ƙarin kuromosom guda. A 1961 mijinta ya tafi Oxford a Ingila, ta bi shi, ta koyi yadda ake fito da kuromosom daga ƙwaya a ɗauki hotonsu. Da ta dawo Chicago sai wani babban likitan jini, Leon Jacobson, ya ba ta madubin likita da ɗan gurbi a ɗakin gwaje-gwaje. Kwana uku take zuwa a mako, saura na yaranta ne.

Kafin wannan, a 1960, Peter Nowell da David Hungerford a birnin Philadelphia sun lura cewa masu CML suna da wani ɗan guntun kuromosom da ya gaza tsawonsa. Majinyata 7 suka duba, rahoton nasu a mujallar Science bai cika shafi ba. Kowa ya ɗauka gutsirewa kuromosom ɗin ya yi, guntun ya ɓace. Yawancin masana a lokacin ma gani suke ɓarnar kuromosom sakamakon sankara ce, ba sanadinta ba.

Matsalar ita ce kuromosom 46 ɗin da ke cikin ƙwayar ɗan Adam, waɗanda ake jerawa biyu-biyu ana kiransu da lamba, a rinin wancan zamani, duk launi ɗaya suke fitowa, sai dai a bambanta su da tsawo. Wajen 1970 masana a Suwidin suka fito da rinin da ke sa kowane kuromosom ya nuna ratsinsa, kamar ƙyallen saƙi da ake gane na wane masaƙi ne daga jerin zarensa. In aka yanki wani ƙyalle aka ɗinka a jikin wani, mai ido zai gani. Rowley ta sake komawa Oxford a 1970 ta koyo wannan rini. A 1972, a kan teburin cin abincin gidanta, tana yanka hotunan kuromosom da almakashi tana jera su biyu-biyu, ta ga cewa a wasu masu sankarar jini mai sauri, wadda ake kira AML, na 8 da na 21 sun yi musayar guntaye. Ba a jima ba ta ga cewa guntun da ake cewa ya ɓace daga na 22 a CML bai ɓace ba, yana nan liƙe a ƙarshen na 9. Shekarunta 47 a lokacin.

Ki lura da abin da ya biyo baya, don zai yi miki amfani. Ta aika binciken na 8 da 21 zuwa mujallar New England Journal of Medicine, suka mayar mata da shi. Sai wata mujallar Faransa, Annales de Génétique, ta buga shi a 1973. Na 9 da 22 ya fito a mujallar Nature a wannan shekarar, sunanta ita kaɗai a kai, majinyata 9 kacal. A 1977 ita da abokan aikinta suka buga na uku a mujallar Lancet: musaya tsakanin na 15 da na 17 a wani nau'in AML mai sa zubar jini, wanda ake kira APL. Da aka ga cuta uku daban-daban, kowacce da musayarta da ba ta sauyawa daga majinyaci zuwa majinyaci, gardamar cewa ɓarna ce ta kan mai uwa da wabi ta fara mutuwa. Lambobin yabo sun zo daga baya: ta Lasker, babbar lambar binciken likitanci ta Amurka, a 1998, da lambar girmamawa mafi girma ta farar hula a Amurka a 2009. Ta rasu a Disamban 2013 tana da shekara 88.

Yadda ake karanta jerin

PubMed da Google Scholar, shafukan neman maƙalolin bincike a intanet, sukan ɗora sababbin maƙaloli ko mafi shahara a sama. Ki juya jerin, ki fara daga mafi tsufa. Farkon aikin mutum shi ke nuna wanda ya koyar da shi da kayan aikin da ya iya. Daga nan ki bi shekara-shekara kina neman inda kalmomin kanun suka fara maimaita kansu. A jerin Rowley za ki ga kuromosom, musaya, sankarar jini, suna ta dawowa. A nan ne mutum ya samu tambayarsa. Wanda kanun maƙalolinsa yau ciwon suga, gobe cizon maciji, jibi ra'ayin ɗalibai kan wayar hannu, to ƙarin girma a wurin aiki yake nema. Ban ga laifinsa ba, tsarin jami'o'inmu ne ya ɗora mutane a kan haka, amma ba shi ne abin koyinki ba.

Sai ki duba inda sunan yake. A al'adar mujallun likitanci, na farko shi ya yi aikin da hannunsa kuma ya rubuta, na ƙarshe shi ne uban tafiya mai ɗakin gwajin, na tsakiya sun ba da gudummawar majinyata ko gwaji ko lissafi. A farkon jerin Rowley sunanta yana gaba ko ita kaɗai. Daga baya ya koma ƙarshe, sunayen waɗanda ta rena irin su Michelle Le Beau suka hau gaba. To ɗaruruwan da kika gani ba aikin hannu biyu ba ne. Aikin gida guda ne na shekaru masu yawa, da ɗalibai da ma'aikata da kuɗin bincike. Kuskure ne mai farawa ta auna kanta da wannan jimillar.

Kuma ba duk maƙala ce ke da nauyi ɗaya ba. Akwai rahoton majinyaci guda, akwai tattara bayanan majinyata da yawa, akwai gwajin magani da ake raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, akwai bitar abin da wasu suka rubuta. Bita takan samu ambato da yawa alhali ba ta gano komai ba. Ma'aunin nan na h da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, wanda mutane ke alfahari da shi, yana nufin mutum yana da maƙaloli 20, misali, da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yana da amfaninsa, amma yana fifita tsoho a kan yaro, da fanni mai jama'a a kan mai 'yan tsiraru. Ni abin da nake tambaya game da kowace maƙala shi ne: bayan fitowarta, me likita yake yi a bakin gadon majinyaci wanda da ba ya yi?

Ki gwada wannan tambaya a kan maƙalar 1973 ta na 9 da 22. A shekarun 1980 aka gano cewa musayar tana haɗa ƙwayoyin gado biyu, ABL daga na 9 da BCR daga na 22, su haifi wani sinadari da ke umartar ƙwaya ta yi ta rabuwa ba ta hutawa. A 1990 aka sa wannan haɗin a jikin ɓeraye suka kamu da cuta irin CML, aka tabbatar shi ne sanadi. Brian Druker a Oregon da Nicholas Lydon na kamfanin Ciba-Geigy suka bi sawun maganin da zai toshe sinadarin. An fara gwada shi a jikin mutane a 1998, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Mayun 2001. Shi ne imatinib, wanda muka fi sani da Glivec, ƙwayar da ake haɗiya kullum. A babban gwajin da aka yi da majinyata 1,106, bayan shekara 10 kusan kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka fara da shi suna raye, a cutar da a da ba a cika wuce shekara biyar da ita ba. Daga hangen Nowell da Hungerford zuwa maganin, shekara 41 ke nan. Ita kuma APL, da take kashewa cikin kwanaki, likitocin Sin ne suka buɗe mata ƙofa: Wang Zhenyi a Shanghai da wani sinadari ɗan gidan bitamin A, wanda suka buga sakamakonsa a 1988, da likitocin Harbin da suka yi amfani da arsenik. Yau haɗin biyun yana warkar da fiye da 9 cikin 10 na waɗanda cutarsu ba ta yi tsanani ba.

Abin da za a iya yi daga Daura

Ba zan ruɗe ki ba. Rowley tana da Jami'ar Chicago a bayanta, wuta ba ta ɗaukewa, mijinta yana cikin harkar, kuma an samu babba da ya ba ta gurbi. Ba za ki gano sabuwar ƙwayar gado daga inda kike ba, ni ma ban gano daga inda nake ba. Amma akwai wani irin bincike da ba mai iya yin sa sai wanda yake zaune tare da majinyatan. Denis Burkitt likitan tiyata ne a Uganda, a 1958 ya buga bayanin yara 38 masu kumburin muƙamuƙi, sankarar da yanzu ake kira cutar Burkitt, ya riƙa aika wasiƙu asibitocin Afirka yana tambaya ko suna ganin irinsa, ya zana taswira. Daga wannan ne aka kai ga gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a 1964. Victor Ngu, yana aiki a Ibadan, yana cikin waɗanda suka nuna cewa magani yana narkar da wannan kumburi, ya samu lambar Lasker a 1972. A nan kusa da mu, Alan Fleming ya yi shekaru a Zariya yana rubutu kan ƙarancin jinin masu ciki da yadda sankarar jini take bayyana a Afirka. Kayan aikinsu mafi girma ido ne da rajista.

Ga abin da nake gani a asibiti. Magidanci ɗan shekara 30 da ɗoriya, manomi, ya zo da ciki ya kumbura ta hagu. Ki ɗaga rigarsa ki ga tabon tsaga da na ƙaho a jere a kan wurin, wasu sun warke wasu ɗanye. Ki ɗora hannu ki ji saifa ta sauko har ƙasan cibiya, da tauri. An yi masa maganin maleriya da na taifot a kemis ba adadi, an ce shawara ce, an ce jifa ne. A ɗiga jininsa a kan gilashi a shafa, a rina, a sa a madubi. Inda ya kamata ki yi ta yawo kafin ki haɗu da farar ƙwaya, sai ki ga sun cika fili maƙil, manya da ƙanana, kowane mataki na girma yana nan. Ƙirgen da ya kamata ya tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 ya haura 200,000. Wannan gani ba ya buƙatar na'urar da kika ce tana lalacewa. Gilashi ne da rinin Leishman da madubi, da mutumin da ya damu ya duba.

Tambayoyin da ke kwance a jikin wannan mutum guda sun ishe ki shekaru. Wata nawa ne tsakanin ranar da ya fara jin nauyin ciki da ranar da aka shafa jininsa a gilashi, kuma hannu nawa ya bi? Me ya sa masu CML a Najeriya suke zuwa da shekara 30 zuwa 40 da wani abu, alhali a Amurka yawanci sun haura 60: ƙuruciyar al'ummarmu ce kawai, ko tsofaffin ne ba sa isowa asibiti? A 2003 aka fara ba da Glivec kyauta a Najeriya ta hannun asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi da gidauniyar Max. To cikin waɗanda aka tura daga Daura da Mai'aduwa da Zango, nawa ne suka kai ga maganin, nawa suka daina saboda kuɗin mota, nawa suka daina saboda sun ji sauƙi? Wannan ta ƙarshe tana ci mini rai, domin maganin ba a ajiye shi sai da izinin likita bayan gwaji, in an ajiye cutar takan dawo. A yara kuma, rahotannin Ibadan sun daɗe da nuna cewa AML takan zo da kumburi a bayan ido, a ɗauka cutar Burkitt ce a fara maganin da ba nata ba. Ya kamata a san yadda abin yake a ƙasar Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da kashi 80 na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin matalauta kuwa ba su kai 30 ba, kuma ta sa burin kaiwa 60 nan da 2030. Giɓin nan ba rashin sabon magani ba ne. Jinkiri ne, da rashin jinin ƙari, da barin magani a tsakiya, kuma duk abubuwa ne da ake iya ƙirgawa.

Saboda haka ki fara da littafin rajista mai kauri. Duk wanda jininsa ya ba ki shakka, ki rubuta shekaru, gari, sana'a, ranar fara ciwo, inda ya bi kafin ya zo, girman saifa da santimita, ƙirgen jini, inda aka tura shi. Ki karɓi lambar waya biyu ko uku, har da ta ɗan'uwa ko mai unguwa, don layi guda yakan mutu kuma majinyacin da ya ɓace shi ne bayanin da ya fi tsada. Ki ajiye gilasan da lamba a cikin akwati, ki ɗauki hotonsu da waya ta bakin madubi. Ki ja masanin ɗakin gwajin asibitinku a jiki tun ranar farko, ki sa sunansa a duk abin da kuka buga, domin ba don shi ba babu aikin. Kafin ki mayar da bayanan mutane bincike, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ki yi wa majinyaci bayani da Hausar da zai gane, ya yarda don kansa. Ki kuma sani cewa na'urar GeneXpert da aka rarraba saboda tarin fuka tana da kwanson gwajin BCR-ABL, ko da yake yana da tsada. Ki tambaya ko ana samunsa a Katsina ko Kano kafin ki ɗora wa mutum doguwar tafiya.

Hanyar ƙwarewa kuma a shimfiɗe take. Za ki ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ki nemi gurbin horo a sashen jini da aka amince da shi, irin na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano, ko na Sakkwato. Ki tambayi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina matsayin nasu sashen, don kusanci da gida ba ƙaramin abu ba ne ga mai yara. Horon yakan ci shekara biyar zuwa shida, kuma ba a gamawa sai da kundin bincike. Wadda ta shigo da rajistar shekara biyu a hannu ta riga ta wuce tsaranta. Ki buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, ki tsaya a kan rubutun suna guda, don mata da yawa aikinsu yakan rabu biyu tsakanin sunan uba da na miji. Ki tambayi ɗakin karatu mabuɗin Hinari, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallun lafiya, don karanta su. Kuma ki guji mujallun da ke aiko saƙon imel suna cewa za su buga cikin mako guda in an biya. Maƙala ɗaya a mujallar da PubMed ta sani ta fi goma a waɗannan, kuma wanda zai ba ki gurbin karatu ko kuɗin bincike yana gane bambancin da kallo ɗaya.

Inda shawarata ta tsaya

Ni likitan jini ne na gefen gado da madubi. Sakamakon kuromosom karanta shi nake yi, ba ni nake fitar da shi ba. In zuciyarki ga wannan ɓangaren take, sai kin fita kin koyo a ɗakin gwajin da ake yin sa, na wata shida ko shekara, kuma waɗanda suka bi hanyar su za su fi ni faɗa miki ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Taron shekara-shekara na ƙungiyar likitocin jini ta Najeriya nan ne wurin haɗuwa da su.

Akwai kuma nauyin da ban so ki shiga ba ki san da shi ba. Masu CML sukan rayu, ki ga mutum ya koma gona. Masu sankara mai sauri kuwa, a halin da muke ciki, da yawa za su rasu a hannunki, wasu yara ne sa'annin naki, wasu kuma don an rasa ledar ƙwayoyin daskarar da jini ko kuɗin zagaye na biyu na magani. Ki je ki yi mako biyu a ɗakin masu ciwon jini a Zariya ko Kano lokacin hutunki, ki ga aikin da idonki kafin ki yanke shawara. Maganar shekarun horo kuma ki zauna da maigida da iyaye tun yanzu, a san wa zai riƙe yara daren da kike kwanan asibiti, a kuma san ko iyalin za su tashi tare ne ko za a riƙa zirga-zirga tsakanin Daura da can. In kin shirya shafin farko na rajistar, ki turo mini kanun ginshiƙan in duba, kafin ki fara cikawa.